Gyaran Mahaɗun Titi da Layin Dogo a Zamfara: Ina Kuɗin Ƙaramar Hukuma Ke Tsayawa?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, tambayar da ake yi wa ciyamomi ta sauya. A da idan aka kai kukan hanya sakatariya, amsar a shirye take: kuɗi suna hannun jiha. Yanzu jama'a na ganin wannan uzuri ya ƙare. Duk inda mota ta kaɗe ɗan makaranta a bakin babban titi, ko tirela ta maƙale a kan tsohon dogo, ciyaman ake fara kira.

Sai dai hukuncin a kan kuɗi ya tsaya. Bai mallaka wa ƙaramar hukuma babban titi ba, bai kuma ba ta dogo ba. Mahaɗa wuri ne da iyakokin hukumomi uku, wani lokaci huɗu, ke haɗuwa a cikin 'yan mitoci, kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne wanda ke da wurin daban, wanda ke da kuɗin daban, wanda ake kai wa kuka kuma daban.

Wane titi ne na wa

Titunan Najeriya kashi uku ne. Akwai na tarayya, waɗanda kundin tsarin mulki na 1999 ya sa gina su, gyara su da tsara zirga-zirga a kansu cikin ikon gwamnatin tarayya ita kaɗai. Titin Zariya zuwa Funtuwa, Gusau, Talata Mafara har Sakkwato yana cikinsu. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke gina su, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke yi musu faci, jami'an kiyaye haɗurra kuma ke kula da tuƙi a kai. Akwai na jiha, masu haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da titunan cikin manyan garuruwa. Sai na ƙaramar hukuma: hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka, titunan unguwanni da hanyoyin kasuwa.

Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina tituna da kula da su, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, da ba da lasisin kekuna da amalanke. Yana da kyau a riƙe wannan jeri, don kusan duk abin da ke mai da mahaɗa tarkon mutuwa yana cikinsa.

Dogo kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda dokar 1955 ta kafa. Ba ƙarfen kaɗai ba, har filin da aka keɓe masa hagu da dama. A watan Maris na 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga ikon tarayya kaɗai, ya ba jihohi damar yin doka da shimfiɗa nasu layin a cikin iyakarsu. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ya miƙa tsofaffin layuka ga jihohi. Bai miƙa ba. Layin da ya ratsa Gusau yana nan a hannun hukumar tarayya, kuma gyaran bai ambaci ƙaramar hukuma da wani sabon iko ba.

Layin da ya yi barci

Reshen da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya ɗara kilomita 200, kuma ƙaramin layi ne mai faɗin milimita 1,067, ba irin sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435 da aka buɗe a 2016 ba. Don gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, shi ne kuma ya ɗaga Gusau ta zama cibiyar ciniki. A cikin ƙananan hukumomi 14 na Zamfara, huɗu ya ratsa: Tsafe, Gusau, Bunguɗu da Kauran Namoda.

Shekaru da yawa ke nan jirgi ba ya bin layin yadda ya saba, kuma wannan shi ne tushen matsalar. Gari ya yi girma ya haɗiye dogo. An gina shaguna a filinsa, an buɗe hanyoyin babur da na amalanke ta duk inda ya yi wa mutane sauƙi, an cike tsakanin ƙarfen da ƙasa, wani wuri ma an malala kwalta a kai. Ɓarayin ƙarfe sun kwashe abin da suka kwasa. An taso da yara da ba su taɓa tsayawa sun duba hagu da dama kafin su haye dogo ba, don ba su taɓa ganin dalili ba. Duk ranar da jirgi ya dawo, ko da na kaya ne sau ɗaya a mako, waɗannan hanyoyin da ba su cikin rajistar kowa su ne za su fara cin mutane. Jirgin da ke zuwa jifa-jifa ya fi mai zuwa kullum haɗari ga mai tsallakawa, saboda ba wanda ke tsammaninsa.

Abin da ya faru a Legas ranar 9 ga Maris, 2023 ya nuna yadda abin ke kasancewa ko da a inda ake ganin jirgi kowace rana: motar bas ta ma'aikatan jiha ta shiga mahaɗa a yankin Ikeja, jirgi ya kwashe ta, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata.

Kuɗin da ake magana a kai

Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin kayan masarufi na VAT ƙananan hukumomi na da kashi 35. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kuɗin ke bi, kuma nan ne ake zargin gwamnoni da riƙe su. Ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar ita ta kai ga hukuncin 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Hukuncin ya kuma haramta ba da kuɗin ga kantomomin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa bayan haka, tsakanin kwamitin da aka kafa ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya da sharuɗɗan buɗe asusu a Babban Banki.

Ko da kuɗin sun iso cif, ba dukansu ne na aiki ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, haka na ma'aikatan lafiya a matakin farko, ma'aikatan sakatariya, 'yan fansho da kason masarautu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. A Zamfara ga kuma nauyin tsaro da 'yan gudun hijira. Gaskiya ne kason wata-wata ya ƙaru sosai a lissafin naira tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, amma siminti, rodi, kwalta da man gas na injina sun tashi tare da shi. Abin da ya rage wa ciyaman bayan albashi zai iya yin kwalbati, magudana, fitilu da ciko. Ba zai yi gadar sama ba.

Abin da ke kashe mutane a mahaɗa

Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama dogo kamar yadda taya ke kama kwalta. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa kan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Saboda haka duk wani tsarin kariya a kan mai mota yake. Tambaya biyu ce: zai hango jirgin da wuri, kuma idan ya hau dogon zai sauka cikin lokaci?

A ɗauki tirela mai tsawon mita 18 da ta tsaya cak a gaban dogo da kaya cike. Kafin ta tashi, wutsiyarta ta fice, za ta iya cin daƙiƙa 15. Jirgi mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kowace daƙiƙa, wato mita 165 a wannan ɗan lokaci. Idan gudunsa 100 ne, ya haura mita 400. Ma'ana direban na buƙatar ya ga aƙalla wannan nisa a kan layi, hagu da dama, daga inda yake zaune. Rumfar mai shayi guda, katangar gida, tarin kara ko gonar dawa da ta yi tsawo a watan Satumba sun isa su toshe wannan gani. Share wannan kusurwa ba ya buƙatar injiniya daga Abuja. Yana buƙatar hukumar da ke ba da izinin kafa rumfa ta daina bayarwa a wurin, da leburori masu sara sau biyu a damina.

Na biyu shi ne tudu. Dogo a bisa tarin tsakuwa yake zaune, hanyar burji kuma kowace damina ruwa na zaizaye ta. Bayan shekara uku ko huɗu sai ƙarfen ya yi ƙusumbi a tsakiyar hanya. Ƙaramar mota za ta haye tana gogar ciki. Doguwar mota mai ƙasa-ƙasan ciki, irin mai ɗaukar gireda ko tankar mai, tayoyin gaba sun sauka, na baya ba su hau ba, sai cikinta ya zauna a kan dogo. Ƙa'idar da injiniyoyin Amurka ke bi ta ce hanya ta yi daidai da saman ƙarfen har santimita 60 a kowane gefe, sannan a nisan mita 9 kada bambancin tsayi ya wuce santimita 7 da rabi. Wanda ya ɗauki igiya da ma'auni ya gwada hanyoyin ƙauye da ke haye dogo zai ga kaɗan ne suka kusanci haka.

Sai ramin ƙafar jirgi. A cikin gefen kowane ƙarfe dole a bar rami mai faɗin santimita 6 zuwa 7 don leɓen ƙafar jirgi ya wuce. Ɗan kwangilar da bai san wannan ba sai ya malale wurin da kwalta ko kankare don motoci su ji daɗi, kuma hakan na iya kautar da jirgi daga layi. Idan kuma ramin ya yi faɗi da yawa, ko hanya ta haye dogon a karkace, tayar babur da ta keke na faɗawa ciki ta kayar da mai ita. Shi ya sa ake so hanya ta gicciye dogo a miƙe, kuma shi ya sa wannan ɗan tsakanin ba aikin ƙaramar hukuma ba ne ko da tana da kuɗi. Sai da izini da sa idon hukumar jiragen ƙasa.

Akwai wata matsala da yanayin Zamfara ya ƙara wa nauyi. A wurare da dama tsakanin Tsafe, Kwatarkwashi da Gusau, babban titi da dogo kusa da juna suke tafiya. Hanyar ƙauye za ta haye dogo, ba da nisa ba ta faɗa babban titi. Idan tazarar da ke tsakani ba ta kai tsawon tirela ba, direban da ya tsaya jiran motocin babban titi su wuce zai bar bayan motarsa a kan dogo. Maganin shi ne a mayar da wurin tsayawa kafin dogo, ko a karkatar da hanyar ta fito inda tazarar ta ishe ta. A nan dole hukumomi uku su sa hannu a takarda ɗaya.

A bakin babban titin kuma, gudu ne. Lissafin da masu zana titi ke amfani da shi ya nuna mai gudun kilomita 50 na buƙatar kimanin mita 65 daga ganin abu zuwa tsayawa, mai 80 mita 130, mai 100 mita 185. Ranar kasuwa, idan masu tumatir sun baje kaya a kafaɗar titi, 'yan kabu-kabu sun yi layi a bakin mararraba, motar haya na lodi a kan kwalta, yaron da ya fito daga bayan tifa ba ya ba direba ko mita 20. Kasuwar ta ƙaramar hukuma ce, tashar ta ƙaramar hukuma ce, ita ke karɓar kuɗin tikiti a duka biyun.

Ruwa shi ke kammala ɓarnar. Inda hanyar burji ta haɗu da kwalta ba tare da kwalbati ba, ruwa na kwanciya ya jiƙa ƙasan titi, gefen kwalta ya fara gutsurewa, tayoyi kuma su riƙa jawo laka da tsakuwa kan titi, birki ya daina kamawa. Bututun kwalbati da bai kai santimita 90 ba yashi da leda na toshe shi cikin damina ɗaya, kuma mutum ba ya iya shiga ya yashe. An fi samun sauƙi idan aka shimfiɗa kwalta ko kankare a mita 30 zuwa 50 na ƙarshen hanyar burjin kafin ta haɗu da babban titi.

Inda nairar ƙaramar hukuma ke aiki

Mataki na farko ƙidaya ce, kuma kusan ba ta cin komai. Sashen ayyuka ya zagaya ya rubuta kowace mahaɗa, wadda hukuma ta sani da wadda mutane suka buɗe da kansu, ya sa mutum ya ƙirga masu wucewa na kwana uku, ɗaya daga ciki ranar kasuwa: motoci, babura, amalanke, 'yan makaranta da garken dabbobi. A Indiya ana ninka yawan jirage da yawan ababen hawa a yini, kuma inda sakamakon ya haura 100,000 a da akan raba kuɗin gadar sama biyu tsakanin hukumar jirgi da jiha. A layin da jirgi ɗaya ko biyu ke bi a yini, da wuya wata mahaɗa ta kai wannan adadi. Lissafin da kansa yana nuna cewa geti da mai gadi sun wadatar.

Bayan ƙidaya sai rage yawan mahaɗun. Idan unguwa na da hanyoyi biyar da ke haye dogo cikin kilomita ɗaya, gara a gyara biyu da kyau, a toshe uku, a yi hanya a gefen layi da za ta tattaro su. A takarda wannan mai sauƙi ne. A ƙasa shi ne mafi wuya, don kowace hanya da mai ita: wani shagonsa na kanta, wani ita ce gajeriyar hanyarsa ta masallaci ko maƙabarta. In ba a zauna da hakimi, masu unguwanni da shugabannin 'yan kabu-kabu tun farko ba, za a toshe da rana a buɗe da dare. Burtali kuma ba a toshe shi. Garken shanu ɗari na cin mintoci kafin ya gama hayewa, don haka yana buƙatar wuri mai faɗi, mai sarari, ko babban kwalbati da dabbobi za su bi ta ƙasa.

Sannan aikin hannu: ciko da daddaɓe hanya har ta yi daidai da dogo, magudana, allunan gargaɗi a nesa da kusa, fitilu masu aiki da hasken rana, janye rumfuna, da keɓe wa motocin haya wurin lodi a bayan titi. Fitilar sola tana da rauni guda biyu, batir da ɓarawo. Batir na mutuwa cikin 'yan shekaru, kuma idan ba a sa kuɗin sauya shi a kasafi ba, sandar ce kawai za ta rage.

Tudun rage gudu na buƙatar bayani na musamman, don nan ne jama'a ke yin gaban kansu. Bayan kowane haɗari matasa kan fito su zuba kankare ko su jera itace a kan titi. Tudun da aka tsara yana da tsayin santimita 7 da rabi zuwa 10, tsawonsa wajen mita 3.7, da fenti da allo a gabansa. Wanda aka yi cikin fushi gajere ne mai kaifi, ba a ganinsa da dare, yana karya sifirin, yana kayar da babur, kuma a hanyoyin da ake fargabar 'yan bindiga direbobi na ƙin duk abin da zai tilasta musu tsayawa a daji. A kan titin tarayya ƙaramar hukuma ba ta da ikon yin sa sai da amincewar ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ke jihar. Abin da take iyawa shi ne ta rubuta, ta haɗa da ƙidayarta, ta kuma ɗauki nauyin kuɗin in an amince.

Geti na hukumar jiragen ƙasa ne, mai gadinsa ma ita ke horar da shi, don sai ya san lokacin jirgi yana kuma da hanyar magana da tasha. Ƙaramar hukuma na iya gina ɗakin gadi ko ta biya alawus bisa yarjejeniya a rubuce. Amma getin da ake rufewa wata rana a bar shi wata rana ya fi rashin geti muni, saboda direba ya saba cewa in yana buɗe babu jirgi. Mahaɗa mai gadi dare da rana na buƙatar aƙalla mutum uku. Duk wanda zai fara, ya lissafa albashin shekaru, ba na watan buɗewa ba.

Batun gadar sama

Ita kowa ke nema, ita ce kuma ke raba mota da jirgi kwata-kwata. Amma a duba girmanta. Don jirgi ya wuce a ƙasa, saman titin zai ɗaga wajen mita 8 idan an haɗa da kaurin gadar. Da hawa mai sauƙin da tirela za ta iya, mita 5 a kowace mita 100, ana buƙatar mita 160 a kowane gefe. Gidaje da shagunan da ke wannan tsawo sai an biya su diyya, kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin cikin birni a hannun gwamna yake. Mai amalanke da mai tura baro ba sa hawa irin wannan gada, ta ƙasa za su ci gaba da bi. Wannan aikin tarayya ne ko jiha, kuma a cikin Gusau kaɗai ake iya kawo hujjarsa.

Mahangu uku

Masu goyon bayan 'yancin ƙananan hukumomi, ciki har da ƙungiyar ma'aikatansu ta NULGE, na cewa ciyaman da kansila su ne suka san mararrabar da ke cin mutane, su ake kai wa gawa, kuma ƙaramin aiki irin kwalbati ba ya jan hankalin jiha. A ganinsu kuɗi a hannu na nufin a yi aikin kafin damina maimakon jiran takarda ta zagaya ma'aikatu.

Ɓangaren gwamnoni na da hujjar da ba a iya watsarwa. Ƙananan hukumomi da yawa ba su da injiniya mai rajista ko gireda mai aiki. Hanya ɗaya kan ratsa ƙananan hukumomi uku, kuma idan kowa ya yi nasa guntu da nasa ɗan kwangila, ingancin ba zai zo ɗaya ba. Haɗa kuɗi, in ji su, shi ke ba da damar yin babban aiki da biyan albashi a ƙaramar hukumar da kasonta bai isa ba. Masu suka na amsawa da cewa a ƙarƙashin haɗakar ne aka yi shekaru ana ganin manyan ayyuka a babban birni, hanyoyin ƙauye na mutuwa. Ƙa'idar da NFIU, hukumar da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi, ta fitar a 2019, mai hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, ta nuna cewa rashin yarda ya shafi gwamnoni da ciyamomi duka.

Mahanga ta uku ta injiniyoyi ce: mai dogo da mai babban titi su ya kamata su ɗauki kaso mafi girma, tunda su suka kawo haɗarin. A Amurka gwamnatin tarayya na ware dala miliyan 245 a shekara don mahaɗun dogo kaɗai. A da tana biyan kashi 90, jiha ko ƙaramar hukuma ta cika 10, sai dokar 2021 ta ba da damar tarayya ta biya duka, don ƙananan garuruwa kan kasa kawo nasu kason aiki ya tsaya. Darasin da ke ciki ga Zamfara shi ne, tsarin "kawo naka in kawo nawa" na iya barin ƙaramar hukuma mafi talauci da mahaɗa mafi haɗari. Daga cikin mahangun uku, wannan ce ta fi dacewa da yadda doka ta raba iko, amma tana buƙatar asusu na musamman da wani zai kafa, kuma kafin nan aikin gefen hanya ba ya jiran kowa.

Kebbi: ba dogo, amma ga sabon titi

Jihar Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 ba ta da layin dogo. Tata matsalar ta babban titi ce, musamman titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a Oktoban 2024, wanda wani dogon yanki nasa ya ratsa jihar. Irin wannan titi mai hannu biyu da shinge a tsakiya na raba ƙauye da gonarsa, makiyayi da mashayarsa. Haka abin yake ga garuruwan Zamfara da aikin mayar da titin Zariya zuwa Sakkwato hannu biyu zai bi ta cikinsu. Kebbi na cikin jihohin farko na shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda ke iya ɗaukar hanyoyin da ke fitowa babban titi idan an sa su a jerin jiha.

A irin wannan aiki, lokaci ya fi kuɗi tasiri. Ƙara mashigar ƙasa ko wurin juyawa a kan zane abu ne mai sauƙi. Bayan an zuba kankare, sai an fasa titi. Ƙaramar hukumar da ta kai wa injiniyan aiki taswirar burtalai, makarantu, kasuwanni da maƙabartu tun ana awo ta yi wa jama'arta aikin da kason shekara guda ba zai saya ba daga baya.

Abin da talaka zai gani

Mai rumfa a bakin mararraba shi zai fara ji a jikinsa. Cinikinsa na tsayuwar motoci ne, kuma janye shi mita 50 na iya rage masa kasuwa. Yawancin masu zama a filin dogo ba su da takarda, saboda haka doka ba ta tilasta a biya su diyyar fili, ko da sun yi shekaru suna biyan ƙaramar hukuma kuɗin rumfa. Inda aka tanadi sabon wuri kafin a tashe su, rikici kan yi sauƙi. Ɗan kabu-kabu zai ƙara zagaye idan an toshe gajeriyar hanya, kuma fasinja ne zai biya. Manomi da ke fito da masara ko waken suya zai amfana idan babbar mota na iya shiga ƙauye ba tare da ta maƙale ba, don kuɗin dako na sauka idan ba sai an yi sauke-lodi a bakin titi ba.

Ga mai son bin diddigi, kasafin ƙaramar hukuma na bi ta majalisar kansiloli kafin ya zama doka, kuma abu uku ake dubawa a ciki. Ko an ambaci mahaɗar da sunanta da abin da za a yi mata, maimakon dunƙulallen layi na "gyaran hanyoyi". Ko akwai takardar amincewa daga mai titin ko mai dogon, don aikin da aka yi ba izini ana iya rushe shi. Sai kuma ko an ware kuɗin yashe kwalbati, saran ciyawa, fenti, batir da albashin mai gadi a ɓangaren kashe-kashen yau da kullum na shekara mai zuwa.